Ku Tambayi Anti: Ina zan kai yara hutun nan?

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Yarana uku ne, babbar shekararta 12, sai mai 8 sai auta mai 4, muna zaune a Kubwa kusan shekara tara kenan amma wallahi in banda wajen lilo da shan askirim babu inda muka taɓa kai su. Rannan malaminsu ya tambayi babbar a wace jiha Dutsen Zuma yake ta kasa ba da amsa, ta dawo gida tana kuka, abin ya tsaya min a rai sosai. Babansu ya samu hutun kwana huɗu a Disamba kuma yace in tsara mana tafiya da mota, shi yana son mu je Jos ni kuma tsoron hanya nake da kashe kuɗi. Ina za mu fara? Nagode.
Maman Uku, Kubwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki fara da share wa yarinyar nan hawaye, ki faɗa mata Dutsen Zuma a jihar Neja yake, a Madalla kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma manya da yawa da suke wuce shi kullum su ma cewa suke a Abuja yake, don haka kar ta ɗauka ita kaɗai ce. Daga Kubwa kuwa ai kamar a bayan gidanku ne, ko awa ɗaya ba za ku yi ba in babu cunkoso a Zuba.

Ni shawarata kar ku fara da Jos. Ranar farko ku yi ta nan kusa, ku gwada yaran ku ga yadda suke da zaman mota, musamman autan nan. Kafin ku fita ki nemi kuɗi guda biyu ki sa a jaka, tsohuwar takardar naira 100 da naira 20. In kun isa Madalla maigida ya samu wuri mai kyau ya faka nesa da titi don manyan motoci suna gudu a wajen, ki fito da naira 100 ɗin ki juya bayanta ki miƙa wa babbar, ta kalli hoton ta ɗaga kai ta kalli dutsen. Na yi wa nawa haka shekarun baya, ɗana ya riƙe kuɗin da hannu biyu yana kallon sama yana kallon ƙasa, can sai ya ce "Mama ashe da gaske ne!" har yau in ya ga kuɗin sai ya tuna. Ku nemi fuskar nan da take jikin dutsen, ido biyu da hanci da baki kamar an zana, ba daga ko'ina ake ganinta ba sai kun ɗan matsa kun samu daidai wajen. Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwarawa, su ne mutanen wurin tun asali kuma sun riƙa fakewa a wajen dutsen lokacin yaƙe-yaƙe. Kar ku ce za ku hau da yara, kallo daga ƙasa ya isa.

Daga nan sai ku shiga Suleja, kuma nan ne nake so ki ba su lokaci sosai don garin nan mutane sun raina shi, ana ganin kasuwa ce kawai da hayaniyar 'yan acaɓa, alhali shi ne Abuja ta asali. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sarkin Zazzau na Haɓe, Muhammadu Makau, ya baro Zariya ya yo kudu da jama'arsa, daga baya ƙaninsa Abubakar wanda ake ce wa Abu Ja ya kafa garin a 1828, sunansa ne ya zama sunan garin. Shi yasa har gobe sarautar garin Sarkin Zazzau ake cewa. Da gwamnatin Janar Murtala ta yanke a 1976 cewa za a gina sabon babban birni sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ba ta taso daga Legas ba sai Disamban 1991. Kinga yaro in ya ji wannan a tsaye a ƙofar fada ba zai manta ba, ba kamar a allo ba.

Sai naira 20 ɗin. Gabanta Murtala ne, bayanta kuma wata mata ce zaune tana ginin tukunya, ita ce Ladi Kwali, 'yar garin Kwali. Wani Bature ɗan Ingila Michael Cardew ya buɗe wajen koyar da ginin tukwane a tsohon Abuja, wato Suleja, ta shiga a 1954 ita ce mace ta farko a wurin, tukwanenta masu zanen ƙadangare da kifi da kunama suka kai ta har Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. Ina so 'yarki ta san wannan matar, mace ce da ba ta yi boko ba amma aikin hannunta ya sa hotonta a aljihun kowa. In kuna son yara su taɓa yumɓu da hannunsu to Ushafa ma tana kusa da ku ta hanyar Bwari, akwai mata masu ginin tukwane a can, garin da Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Ki sa musu kayan da ba kya jin asararsu don za su dawo butu-butu.

To in ranar farko ta tafi lafiya, sauran kwana ukun ku bi maganar maigida, yana da gaskiya, Jos ta cancanci a je. Ku fita da sassafe bayan asuba ku bi ta Keffi da Akwanga, ku sa a ranku awa biyar ko fiye da tsaye-tsaye, kuma dan Allah kar ku yi tafiyar dare ko zuwa ko dawowa, sannan kwana ɗaya kafin ku tashi ku kira wani da yake Jos ko direban da yake bin hanyar ku ji yadda take. A duba birki da taya da ruwan lagireto saboda Hawan Kibo, hawa ne mai tsawo da kwana-kwana kuma tireloli suna wahala a wajen, maigida ya bi a hankali kar ya ce sai ya wuce kowa. Yara za su ce kunnensu ya toshe, tsayi ne ba ciwo ba, ki ba su alewa ko cingam. Kafin hawan akwai ruwan Assop da yake zubowa daga kan dutse, in kun gama hawa kuma a Riyom za ku ga duwatsun nan da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu, kina gani kina cewa yanzu na saman zai faɗo, amma haka kakanni suka same su. Nan wajen hoto ne, minti ashirin ya isa.

Maganar sanyi kar ki ɗauke ta wasa. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, Disamba kuma tsakiyar hunturu ne, ki ɗauki suwaita da safa da hular sanyi da man shafawa na kowa, ki tambaya ko masaukin yana da ruwan zafi kafin ku biya.

A cikin gari in wuri ɗaya kawai za ku iya zuwa to gidan tarihi na Jos ne, wanda wani Bature ɗan Ingila Bernard Fagg ya kafa a 1952. A nan za su ga kawunan Nok, na yumɓu da aka gasa, masu ido kamar kusurwa uku da huda a tsakiya, sun haura shekara 2000, kuma masu haƙar kuza ne suka fara tono su. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen Larabci, akwai zauren tukwane, akwai tsohon jirgin ƙasa na layin da ya taɓa haɗa Zariya da Jos wanda na san mai shekara 8 ɗin nan sai kin janye shi daga wajen. A gefe kuma akwai inda aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya da ƙasa, ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya irin ginin Babban Gwani, wasu sassan ruwan sama ya ci su kuma abin yana min ciwo duk sanda na gani, amma duk da haka ki shiga da su ƙarƙashin bakan gizon masallacin, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da suke riƙe rufin, su ɗaga kai su ga abin da magina suka yi babu siminti babu rodi. Ki nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku yana bayani, ki ɗan yi masa alheri. Washegari sai gandun namun daji na Wildlife Park da aka buɗe a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, wannan na auta ne.

Kuɗi kuma, mai da masauki su ne masu ci, shiga wuraren nan ba tsada. Ki yi dambun nama da cincin da soyayyar kaza daga gida, ruwa katan biyu a but. In za ku dawo ki biya Farin Gada ki cika motar da dankalin turawa da kabeji da karas, ko ba komai kin rage kuɗin cefanen sati biyu. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, ki rubuto min ki faɗa min me babbar ta ce a gaban Zuma.

Salam Anti. Ni a Jos nake, Unguwar Rogo. Mahaifiyata ta zo daga gida za ta yi wata ɗaya, tana fama da ciwon gwiwa amma kullum tana kallon duwatsun Shere daga tsakar gida tana cewa tana son zuwa. Yarana kuma sun dage sai Rayfield wajen ruwa. Ya zan yi?
Baban Biyu, Jos

Wa alaikas salam ɗan'uwa, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya Ya saka maka da alheri da ka damu da abin da ranta yake so. Ka kai ta mana. Ba sai ta hau ba, ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829 wannan aikin matasa ne da masu horo, ita kam ka je da mota ta hanyar Lamingo har inda hanya ta ba ka dama, ka tafi da kujerar roba da darduma da shayi a filas, da hantsi in rana ta ɗan yi ɗumi don sanyin safe ba ya yi wa gwiwa daɗi. Ta zauna ta kalla ta yi tasbihinta, jikoki suna wasa a gabanta.

Rayfield kuma ka sani ruwan nan ramin kuza ne da aka haƙa aka bari ruwa ya cika shi, irinsu suna da yawa daga Jos har Bukuru da Barikin Ladi, kuma ba kamar rafi ba ne da zurfinsa yake ƙaruwa kaɗan-kaɗan, daga baki sai rami. Ku je ku zauna ku sha iska, in za su shiga kwale-kwale sai da rigar ruwa a jikin kowa kai ma kana ciki, amma wanka a'a, ko sun yi kuka. Ka raba fitar kwana biyu, ranar Hajiya daban ranar yara daban, kuma ka gaishe min da ita sosai.