Me ya sa Yahudawa ba sa furta sunan Allah da ke cikin Attaura?

Malam, tambayarka biyu ce: me ya hana su furta sunan, kuma yaya za ka yi da takardun da ka buga masu ɗauke da shi.

Sunan haruffa huɗu ne na Ibrananci: Yod, He, Vav, He. Saboda girmama shi, a Haikalin Urushalima ake furta shi, musamman babban firist ranar Yom Kippur, wato Ranar Kafara ta Yahudawa. Romawa sun rushe Haikalin a shekara ta 70 miladiyya, furucin kuma ya ɓace. A maimakonsa, a addu'a da karatu suna cewa Adonai, wato "Ubangiji", a hira kuwa HaShem, wato "Sunan". A Ibrananci haruffa na tsayawa a matsayin lambobi, kuma girmamawar ta kai ko lamba 15 ba sa rubuta ta da Yod da He, wato 10 da 5, sai Tet da Vav, wato 9 da 6, gudun rubuta guntun sunan a banza.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wasulan da ke jikin sunan. Na Adonai ne, an sa su don tunatar da mai karatu ya ce Adonai. Karanta su a haɗe da haruffan nan huɗu ya haifar da "Jehobah".

Takardun kuwa, kada ka goge sunan, kada ka zuba su bola. A ƙa'idarsu ana tara su a ma'ajiyar da suke kira geniza, daga baya a binne a maƙabarta. Hukuncin rubutun waya da kwamfuta daban ne, wannan sai ka tambayi malamin Yahudawa.