Amsa: Cocin St. Bartholomew na Wusasa

Malam, ka tambaya ko cocin Wusasa ne farkon wurin da 'yan mishan suka zauna a Zariya. A'a, a cikin birni suka fara.

A 1900 ayarin CMS, ƙungiyar mishan ta Cocin Anglican daga Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku, wani gari kudu da Zariya. Likita Walter Miller na cikinsu. A 1905 ya samu shiga birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai yi wa masarauta daɗi ba, Turawan mulki ma ba sa son rigima, shi ya sa wajen 1929 aka mayar da su Wusasa, bayan ganuwa, a gindin dutse.

A nan aka gina cocin, kuma ni abin da ya fi burge ni ginin ƙasa ne irin namu, da bakan gizo, wato tanƙwararren ginin da ke riƙe rufi, aikin magina Hausawa. Miller ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda ta fito a 1932. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi.