Kamfanin jirgin da na saba da shi ya canza, in biya musu kuɗin tikiti goma a dunƙule?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce, ina sarin takalma da jakunkuna daga wata ƙasa maƙwabciyarmu, kuma shekara da shekaru kamfanin jirgi ɗaya nake bi, ƙaramin kamfani ne na yankinmu. Da can wallahi ba a magana, suna tashi kan lokaci, ma'aikatan sun san fuskarmu, in kaya sun ɗan haura kilo su ɗaga mana ƙafa. Yanzu kuwa an rage kilo, zaɓen kujera ma sai ka biya, a soke tashi ba wanda zai kira ka, in ka nemi kuɗinka su ce sai dai su ba ka takardar wani tikitin. To ga shi sun fito da tsari wai in na biya kuɗin tikiti goma a dunƙule za su min rangwame mai tsoka, kuma ina da maki da na tara a wajensu. In biya ne ko in koma wani kamfanin? Gaskiya raina bai so in bar su.

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa nema albarka. Kar ki biya. Ki ci gaba da hawansu in kina so, amma tikiti ɗai-ɗai, duk tafiya da nata.

Kinga wannan tsarin na tikiti goma, sunansa rangwame amma a zahiri bashi ne za ki ba kamfanin, bashin da ba jingina ba shaida ba ranar biya, kuma kuɗin daga cikin jarinki za su fita, kuɗin da ya kamata a ce suna juyawa a kaya. Kamfanin da ke da kuɗi a hannu ba ya cika roƙon fasinja ya biya na shekara tun yau, kuma abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne maganar nan ta cewa in an soke tashi ba sa maido da kuɗi sai takarda. Wanda ya kasa maido miki da kuɗin tikiti ɗaya, ta yaya za ki miƙa masa na goma?

Na san abin da ke riƙe ki, kirkin da suka yi miki a baya ne, kuma ban raina shi ba ko kaɗan. Sai dai ki sani abin da ya samu kamfaninki ba sabon abu ba ne a harkar jiragen sama, hanya ɗaya ce da yawansu suka bi. Akwai wani kamfani a Amurka, Midwest Express, ya fara aiki a 1984 daga birnin Milwaukee, kamfanin takarda na Kimberly-Clark ne ya kafa shi. Mutanen yankin sun so shi kamar me. Jiragen da wasu ke jera kujeru biyar a layi, su huɗu suke sawa, manya na fata, abinci a faranti na gaske ba na roba ba, sannan a gasa biskit mai cakulan a cikin jirgin ana cikin tafiya a raba wa fasinja da zafinsa, har ya zama da shi aka san su. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 fasinja suka ragu, asara ta fara, aka soma rage abinci, a 2003 aka canza kujerun wasu jiragensu zuwa matsattsu irin na kowa. A farkon 2008 wani kamfanin masu zuba jari, TPG, tare da kamfanin jirgi na Northwest suka saye shi, a shekarar ɗanyen mai ya kai dala 147 kowace ganga, suka ajiye tsofaffin jiragensu masu shan mai suka sallami ma'aikata sama da dubu. 2009 kamfanin Republic Airways ya saye shi, 2010 aka sanar za a narkar da shi cikin wani kamfanin jirgin mai suna Frontier, sunan ma ya ɓace. Duk tsawon wannan lokacin akwai mutanen da ke sayen tikiti saboda Midwest ɗin da suka sani a da, alhali masu shi sun canza, jiragen sun canza, ma'aikatan da suka san su sun tafi, fenti kawai ya rage a jikin jirgi.

Kuma ba wai lallai mugunta ce ke kawo haka ba, lissafi ne. Harkar jirgi riba ce siririya, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya IATA tana nuna ko a shekara mai kyau ribar ba ta cika wuce kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na abin da aka samu ba, mai kaɗai yana cin wajen kashi 25 zuwa 30 na kuɗin da ake kashewa, ga hayar jirage da kayan gyara waɗanda galibi da dala ake biya ko da fasinjan da kuɗin ƙasarsu suke sayen tikiti. Ƙaramin kamfani shi ya fi jin jiki tunda in yana da jirage shida ɗaya ya lalace to jadawalin ranar gaba ɗaya ya rikice, ba shi da na ajiya da zai maye gurbi. In kuɗi suka yi ƙasa ba za a taɓa mai ba, ba za a taɓa haya ba, abin da ake fara yankewa shi ne wanda ke faranta wa fasinja rai: kilo, abinci, ma'aikacin da ke ɗaga waya. Kuɗin jaka da kike gani ko'ina yanzu ma a waccan shekarar ta 2008 ya bazu, lokacin da American Airlines ya sa dala 15 kan jakar farko sauran suka bi sahu. Hatta Southwest, wanda ya fara a 1971 yana zirga-zirga tsakanin birane uku a jihar Texas kuma ya yi suna da jaka biyu kyauta, ya janye wannan ga yawancin fasinja a watan Mayun 2025 bayan masu hannun jari sun matsa lamba.

Raguwar hidima kaɗai ba ta nufin kamfani zai mutu, wasu sun rage kuma suna nan da ƙarfinsu. Amma in ta haɗu da yawan soke tashi da ƙin maido da kuɗi da neman kuɗin gaba, to nan kam a yi hattara. Flybe na Ingila ya taɓa zama mafi girma a cikin kamfanonin yanki a Turai, ya durƙushe ranar 5 ga Maris 2020, aka farfaɗo da shi a 2022, ya sake faɗuwa a Janairun 2023, mutane suka wayi gari da tikiti a hannu ba jirgi. In kamfani ya faɗi, bankuna da masu jiragen haya da ma'aikata su ake fara sallama, fasinja can ƙarshen layi yake, sau da yawa ba abin da ke isowa gare shi. Waɗanda suka fi samun kuɗinsu su ne waɗanda suka biya da katin banki suka nema ta hannun bankinsu. In kin ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta Hajiya, a shafa wa na gida ruwa.

To yanzu maganar ko ki koma wani kamfanin. Ni ba zan ce ki bar su gaba ɗaya ba, abin da nake so ki daina kallon kuɗin tikiti shi kaɗai. Ki ɗau biro da takarda ki duba tafiye-tafiyenki na baya-bayan nan, kowace ki rubuta kuɗin tikiti, kuɗin kilon da ya haura, kujera, kwanan otal da kika ƙara don an soke tashi, motar komawa filin jirgi karo na biyu, sannan abin da mutane ke mantawa, wato cinikin da ya wuce ki don kaya ba su iso kan lokaci ba, kwastoman da ta gaji da jira ta je ta saya a wani wajen. Ki haɗa ki raba da yawan kilon da kika shigo da shi, wannan shi ne ainihin abin da jirgin ke ci a kan kowane kilo na kayanki. Sai ki yi wa ɗaya kamfanin irin wannan lissafin, ko da tikitinsa ya fi tsada, in yana ba da kilo mai yawa kuma yana tashi ranar da ya ce, za ki iya tarar shi ne mai sauƙin. Ki gwada shi sau ɗaya ko biyu a lokacin da kasuwa ba ta da zafi, kar ki fara gwaji a lokacin da kowa ke jiran kaya.

Ki kuma tambayi farashin kago, wato tura kaya daban a matsayin dakon kaya ba jakar fasinja ba. Yawancin 'yan kasuwa sun saba jan kaya a matsayin jakar fasinja saboda da can ana ɗaga ƙafa, amma in kilon da ya haura ya yi yawa, sau da yawa tura shi ta kago ya fi arha nesa ba kusa ba, ke ki hau da jaka ɗaya kayan su biyo da takardarsu.

Makin da kika tara kuma dan Allah ki kashe su yanzu, a tafiyarki ta gaba. Ba kuɗi ba ne a asusunki, alkawari ne kawai, kamfanin na iya rage darajarsu duk ranar da ya ga dama, in ya rufe kuma sun tafi kenan.

Tunda ƙetare iyaka kike yi akwai haƙƙin da ya kamata ki sani. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda yawancin ƙasashe suka sa wa hannu, ta ɗora wa kamfani biyan diyya in jaka ta ɓata ko ta lalace ko ta makara, amma akwai iyaka, wajen dala dubu biyu ne ga fasinja ɗaya komai yawan jakunkunansa, kinga in kayan da ke ciki sun fi haka sauran asararki ce, sai dai in kin bayyana darajarsu tun wajen awo kin biya ɗan ƙari, ko kin yi musu inshora. Kuma ƙorafi a rubuce ake yi, cikin kwana 7 in lalacewa ce, cikin kwana 21 in makara ce, kar ki bar filin jirgi ba ki cike takardar rahoto ba, kar kuma ki yar da ɗan sitikar nan da suke manna miki a bayan tikiti. Rasit ɗin sarinki ma ki riƙa ɗaukar hotonsa a waya, don shi za su fara tambaya.

In kuma sun sake soke miki tashi suka ce sai takarda, ki ce a'a kuɗinki kike so, ki rubuta musu ta imel don ya zama akwai shaida, in suka yi shiru ki kai ƙara hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasarki, galibi suna da sashen kare haƙƙin fasinja, sannan ki sanar da bankinki da wuri in da kati kika biya, saboda su ma suna da wa'adin karɓar irin wannan ƙorafin.