Tambaya da Amsa: Sitikar biyan kuɗin tol-get

Tambaya: Malam, na sayi mota 'yar Beljiyam da aka shigo da ita daga Amurka. Akwai wani ɗan farin akwati manne a gilashin gaba, an rubuta E-ZPass. Zai yi min aiki a nan? (Mai karatu daga Hotoro)

Amsa: A'a. Na biyan kuɗin tol-get ne a titunan Amurka, asusunsa yana can da sunan tsohon mai motar. Cire shi ka huta.

Tambaya: Gilashin gaban motata ya tsage aka canza. Mai gilashin ya ɓanɓaro sitikar ya liƙa a sabon, tun daga nan sandar shinge ta daina ɗagawa, na baya sai danna min hon suke. Kuɗin da na zuba sun tafi ke nan? (Hajiya daga Gwammaja)

Amsa: Kwantar da hankalinki, Hajiya. Kuɗinki suna cikin asusu, sitika lamba kawai take ɗauke da ita. Ba ta da batir. A cikinta akwai ɗan guntun ƙwaƙwalwa kamar ƙwayar gero da siririn zanen ƙarfe mai aikin eriya, kuma daga siginar injin shingen take samun wuta. Da an ɓanɓare ta eriyar ke katsewa, da gangan aka yi ta haka don kada a riƙa yawo da ita daga mota zuwa mota. Ba ta gyaruwa.

Ki je ofishin da suka ba ki da takardun mota da katin shaida, a kashe tsohuwar, a ɗaura sabuwa a kan asusunki, ki duba ragowar kuɗin kafin ki tashi. Wajen liƙawa a goge gilashin ta ciki, ya bushe sarai, a sa ta bayan madubin tsakiya, a bar tazarar yatsu uku daga ƙarfen rufin mota, a danna sau ɗaya. Idan ta karkace a bar ta haka. A kuma tambayi mai gilashin ko ledar da ya shafa a sama mai ƙarfe ce, don irinta na tare sigina.

Tambaya: Wani ya yi min tayin sitika rabin kuɗi, ya ce ta wata mota ce da aka sayar, har da sauran kuɗi a ciki. In karɓa? (Direba daga Kurna)

Amsa: Haba ɗan'uwa! Wane kuɗi ne a ciki? Sitikar da aka ɓanɓaro matacciya ce, leda za ka saya. In ma ta yi sa'a tana da rai, an yi mata rajista da lambar waccan motar. Duk ranar da mai asusun ya kashe ta, kai za ka tsaya gaban sanda kana zufa, kuma ba ka da rasit ɗin da za ka nuna. In kai ka riƙa zuba kuɗi, asusun wani kake ciyarwa. Wasu ma ba su kai nan ba, takarda ce mai ƙyalli da aka buga, ɗaga ta a rana ba za ka ga zanen eriya ba.

Halinmu ne nan Kano. Mutum zai kashe miliyoyi a mota, ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa yana ciniki kan fulogi har la'asar, ya ɗauko jabu. Araha ba ta ado. Sitika a hannun mai shingen ake karɓa, da rasit, da sunanka, da lambar motarka.

Kafin ma ka saya, ina za ka bi? Tun da gwamnatin Obasanjo ta soke tol-get na tarayya a ƙarshen 2003 muka manta da su. A Fabrairun 2025 aka fara karɓa a hanyar Keffi zuwa Makurdi, ƙaramar mota naira 500 a shinge. Sitikar wani kamfani ba lallai ta buɗe shingen wani ba, don haka mai bin hanya sau biyu a shekara ya tambayi yadda ake biya a wurin kawai.

Tambaya: Zan je Dubai sarin kaya, zan hayi mota. Sai na sayi Salik, wato sitikar tol-get ɗin can? (Alhaji daga Kantin Kwari)

Amsa: Kada ka saya, Alhaji. Motar haya da tata take zuwa, kamfanin zai cire kuɗin daga ajiyarka. Tambaye su nawa suke ɗorawa a kan kowace wucewa kafin ka sa hannu.