Kafin ka ninka farashin ƙwai, ka san abin da kajinka suke ci

Tambaya: Ina da kajin ƙwai 2,000, watansu takwas, kuma ina kwashe ƙwai kimanin 1,300 a rana. Ƙanen matata ne yake haɗa mini abincinsu, yana yi mini rangwamen kashi 15 cikin ɗari a kan farashin kamfani. Na ji ana sayen ƙwai mai ƙarin amfani ga lafiya da tsada, kuma kwanduwar ƙwaina ja ce sosai, don haka ina so in rubuta hakan a kan kiret in ninka farashi. Shin in ci bashi in ƙaro kaji 3,000 kafin wasu su riga ni?

Amsa: Malam, ka ajiye maganar bashi da ninka farashi tukuna, domin a duk wasiƙarka ban ga inda ka faɗi abin da ke cikin buhun da ƙanen matarka yake kawowa ba, kuma ina kyautata zaton kai ma ba ka sani ba. Abinci shi ne yake cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da mai kiwon kaji yake kashewa, kuma shi ne yake yanke hukunci a kan abin da zai shiga cikin ƙwai. Wannan ɓangare mafi girma na kasuwancinka shi ka damƙa wa mutumin da kake jin nauyin tambayarsa rasit.

Kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kajinka suna cinye kusan kilo 230 kullum, abin da ya tasam ma tan 7 a wata. Kaza mai wata takwas tana kan ganiyarta, kuma idan tana samun abinci mai kyau ya kamata a kwashe ƙwai 85 zuwa 90 daga kowace kaza 100. Kai kana samun 65. Rangwamen da kake murna da shi bai rage maka sai kimanin kashi 10 na jimillar kuɗin da kake kashewa ba, alhali kuwa ƙwai 400 ko fiye suna kuɓuce maka kowace safiya. Ciwo ko zafi ko ƙarancin haske suna iya jawo haka, amma ba ka da littafin da zai nuna ranar da ƙwai ya fara raguwa da kuma buhun da aka buɗe a makon, saboda haka ba za ka iya wanke abincin daga zargi ba.

Gaskiya ne abin da kaza ta ci yana canza amfanin ƙwanta, sai dai ba ta kowace fuska ba. Kitsen da ke cikin kwanduwa yana bin irin man da kaza ta ci, shi ya sa idan aka sa man kifi ko irin tsiron filaks a abincinta, sinadarin omega-3, wani nau'in kitse mai amfani ga lafiya, yakan ninku a ƙwai cikin mako biyu zuwa uku, idan kuma aka zarce kima ƙwan ya ɗauki ƙarni. Bitamin A da D da E da sinadarin aidin su ma suna ƙaruwa gwargwadon abin da aka zuba. Furotin kuwa kusan bai motsi, kome aka ba kaza. Jan kwanduwa da kake taƙama da shi launi ne da ke fitowa daga masara mai ruwan ɗorawa da ɗanyen ganye, kuma akwai garin launi da masu haɗa abinci suke zubawa kaɗan ya rina kwanduwa ko da sauran abincin dusa ce zalla. Mai saye da ya san abin da yake nema takardar ɗakin gwaji zai tambaye ka, kuma ranar da ya kai ƙwanka awo aka tarar bai bambanta da na kowa ba, sunan gonarka ne zai zube.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ƙofar da amfani yake bi ya shiga ƙwai da nama da madara ita ce cuta take bi. A 1960 'ya'yan talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi diddigi aka tarar da garin gyaɗa mai fumfuna da aka shigo da shi daga Birazil, kuma ta nan aka gano gubar afulatoksin, wadda take lalata hanta, take rage ƙwai, take kuma ratsawa cikin madarar saniya. A 1999 gurɓataccen mai ya shiga abincin dabbobi a Beljiyam, gubar dayoksin ta kai ga kaji da ƙwai, aka kwashe su daga shaguna, manoman da ba su da laifi suka tafka asara tare da masu laifin. Haka maganin kashe ƙwayoyin cuta yake saura a ƙwai idan ba a jira kwanakin da aka ƙayyade ba, kuma tun 2006 Tarayyar Turai ta hana zuba shi a abinci don saurin girma.

Na taɓa duba littattafan wata baiwar Allah da take kai wa wani babban mai saye ƙwai, ɗan yayarta kuma shi ne mai sayo mata masara. Da muka shiga sito na tura hannu cikin buhun da ke jingine da bango, sai na ji ɗumi, hatsin ya dunƙule, ga wari irin na tsohon ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba. Yaron bai saci ko kwabo ba. Masarar da ruwa ya taɓa yake saye saboda araha, yana ganin taimakonta yake yi, ita kuma ta shekara tana sayen magani tana zargin masu ƙyanƙyasa. Da mai sayen ya aiko a gwada abincin, a makon ya janye cinikinsa, kuma maganar ta raba ta da yayarta fiye da shekara.

Ka zauna da ƙanen matarka cikin mutunci, ka nemi ya rubuta maka abin da yake zubawa a kowane tan da inda yake sayowa. Ka ɗebi abincin daga buhu uku ko huɗu ka kai ɗakin gwaji a auna furotin, wanda ya kamata ya kai kashi 16 zuwa 18, da kalsiyam kusan kashi 4, da laima da afulatoksin. Sannan ka ware kaji 200 ka ba su abincin kamfani na tsawon mako huɗu, kana rubuta abin da suka ci da ƙwan da suka yi kowace rana, ka gwada da na sauran. Idan ya ce lissafin haɗin sirrinsa ne, ka biya shi abin da yake binka ka nemi wani. Idan ƙwai ya koma 1,700 a rana ya zauna a haka wata uku, ka sake rubuto mini mu yi lissafin ko kasuwar ƙwai mai omega-3 za ta iya biyan kuɗin ƙarin abinci da na gwajin da take buƙata.