Likita, in roƙa a rubuta mini taifot ne don kada in rasa aikina?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a ƙasar Argungu. Tun da aka rage ma'aikata bara muke yin awa 12 a kan inji, kwana shida a mako, wani makon da rana, wani da dare. Wata shida ke nan barci ya ƙaurace mini, kaina na sarawa, ƙirjina na bugawa, ga saurin fushi har yarana sun fara gudu na. Sau uku ina shan maganin maleriya da taifot. Da na je asibiti aka ce jinina ya hau, kuma likita ya ce akwai ciwon damuwa, ya rubuta mini hutun kwana biyar. Manaja ya karanta ya ce wannan ba ciwo ba ne, tunani ne, in je in yi addu'a. Amma da inji ya datse wa abokin aikina yatsa, da motar kamfani aka kai shi asibiti. Shin in koma in roƙi likita ya rubuta taifot?
Daga wani ma'aikaci, Argungu, Jihar Kebbi

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Kada ka roƙi a rubuta maka taifot. Ba kai kaɗai ke zuwa mana da irin wannan roƙo ba, kuma ban taɓa ganin laifin mai yin sa ba, tuwon 'ya'yansa yake karewa. Sai dai takardar taifot kwana biyar kawai za ta ba ka, ta mayar da kai kan injin nan yadda ka baro shi, sannan ta goge sunan aikin daga cikin abin da ya kwantar da kai. A wannan gogewar kamfani yake cin ribarsa.

Abin da ka lissafa mini ba cuta biyu ba ce. Idan mutum na cikin matsi, ƙwaƙwalwa kan sa jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru a jini, tsokar wuya da kafaɗa su ɗaure. Allah ya shirya wannan ne don ɗan lokaci, kamar sa'ad da ka yi kiciɓis da maciji a fadama, ka yi tsalle, bayan nan jiki ya koma daidai. To kai wata shida ke nan jikinka bai koma daidai ba. Ga kuma sauyin dare da rana da ke rikita agogon barci, rashin barcin ya ƙara hawan jini, ya ƙara fushi, fushin ya sake hana barci. A ina za a sa wuƙa a ce nan jiki, nan tunani? Harshenmu ma bai raba su ba. Da kalma ɗaya, ciwon zuciya, muke kiran cutar da likita ke ji da abin awo da kuma baƙin cikin da ke kwantar da mutum, kuma idan tsoro ya kama mu gabanmu muke cewa ya faɗi.

Awa 72 kake yi a mako. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da cututtukan zuciya sanadiyyar doguwar awar aiki. Wanda ke yin awa 55 zuwa sama a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya ɗara na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Saboda haka abin da manajanka ya kira tunani yana iya ƙarewa da hannu da ƙafa sun daina motsi.

Yanzu duba bambancinka da mai yatsa. Jini ya zuba kowa ya gani, ga inji, ga lokaci, ga shaidu, babu ta yadda za a ce daga gida ya taho da raunin. Naka kuwa, da zarar an kira shi tunani, an ɗauke shi daga harabar kamfani an kai shi ɗakinka. Sai ya zama raunin zuciyarka ne, ko matsalar iyali, ko ƙarancin tawakkali. Ba wanda zai tambayi dalilin da ya sa mutum biyu ke yin aikin mutum uku. Kuɗin kemis daga aljihunka, ranar da ka kasa fitowa a yanke a albashinka, fushin kuma matarka da yaranka ke sha. In ka gaji ka ajiye aikin da kanka, babu sallama babu diyya, ga matasa a bakin ƙofa suna jira. Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda suka gane ba a karɓar irin wannan kuka, sai suka yi shiru suka koma ga tiramadol da lemun ƙarin kuzari don su iya kai wa asuba. Aiki na tafiya, lissafin buhuna na cika, shi kuma yaron yana ƙarewa.

Ban ce kowane mai kamfani da gangan yake yi ba. Da yawa haka suka taso suka tarar, kuma a ƙarshe su ma suna asara, don mai gyangyaɗi a kan inji shi ne mai datse yatsa na gobe. Mu ma likitoci muna da namu kason. Layi ya yi tsawo, mutum ya ce kai da jiki na ciwo, a rubuta gwajin maleriya da taifot, ba a tambaye shi aikin me yake yi ko awa nawa yake barci ba. Ga tsohon tsari da ya ware masu ciwon ƙwaƙwalwa can gefe guda, har ya zama a yankinmu ambaton Kware kaɗai ya isa ya sa mutum ya ɓoye ciwonsa, alhali asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can ƙwararru ne a cikinsa, kuma da yawa daga masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su karɓi magani su koma gida. Batun addu'a kuwa, ka riƙe ta da kyau, amma ka lura ba a ce wa mai yatsa ya tsaya ga addu'a kaɗai ba. Fiye da shekara dubu da suka wuce malamin Musulunci Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu a kan kula da jiki da rai tare, yana cewa ciwon ɗaya na taɓa ɗayan.

Doka ma ba ta tare da manajanka. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci irinka hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 na aiki a shekara, muddin likita mai rajista ya tabbatar, kuma bai ce sai ciwon da ake gani da ido ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa kuma masu ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusunta, ta ware sashe na 8 musamman ga matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya haifar. A ciki har da yanayin da mai aiki ya sauya tsarin aiki ta yadda ya wuce ƙarfin ma'aikaci ba bisa adalci ba, wanda ya yi kama da labarinka tun daga rage ma'aikatan bara. Dokar ta shafi har ɗan wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki. Sannan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda irin wannan lalura. Gaskiya samun diyyar ba abu ne mai sauƙi ba, amma da takardar taifot a hannu ko ƙofar ba za ka iya ƙwanƙwasawa ba.

Ka koma wurin likitan nan, ko babban asibiti a Birnin Kebbi kamar na Sir Yahaya, ka ba da labarin a dunƙule: awannin, sauyin dare da rana, ranar da abin ya fara. Ka nemi a duba sukari, yawan jini, ƙoda da maƙoƙo, don wasunsu kan kawo bugun ƙirji da kasala irin wannan. A yi maganin hawan jinin da na damuwar tare, kuma a rubuta su a takarda ɗaya tare da shawarar a rage maka awa ko a cire ka daga aikin dare na ɗan lokaci. Idan kana tsoron tonon asiri, takardar da za ta je ofis tana iya tsayawa ga cewa likita ya duba ka ya ga ba za ka iya aiki na kwana kaza ba, cikakken bayanin ya zauna a fayil ɗinka na asibiti. Ka miƙa ta a rubuce, ka ajiye kwafi, kuma kada ka ja lokaci, don dokar diyya ta sa kwana 14 na sanar da mai aiki da shekara ɗaya na shigar da buƙata. Ka tuntuɓi abokan aikinka, da wuya a ce kai kaɗai ne ba ka barci. Ku je tare ko ta ƙungiyarku, in an ƙi saurare akwai ofishin ƙwadago na tarayya a jiha.

Idan kuma ƙirji ya riƙe ka da zafi, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko zuciya ta fara raya maka cewa gara mutuwa, kada ka jira takardar kowa. Ka faɗa wa wani na kusa da kai ya kai ka asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.