Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙauyen Roquefort da Cukunsa Mai Fumfuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke karatu a Faransa ya kawo mini tsarabar wani cuku mai ɗigon kore-kore a ciki, wai shi Roquefort. Na ce masa ya lalace, ya ce haka yake, kuma wai sunan wani ɗan ƙauye ne, doka ma ta hana a yi shi a ko'ina sai can. Da gaske ne? Me ƙauyen yake da shi da sauran duniya ba ta da shi? (Daga wata mai karatu)

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ɗanki gaskiya ya faɗa miki, cukun bai lalace ba. Cikakken sunan ƙauyen Roquefort-sur-Soulzon, yana gundumar Aveyron a kudancin Faransa, ba nisa da garin Millau. Mazaunansa ba su kai 700 ba. Abin da yake da shi kuwa dutse ne, kuma dutsen ma wanda ya rushe.

Ƙauyen yana manne ne a jikin wani tsauni na farar ƙasa mai suna Combalou. Tun kafin ɗan Adam ya zauna a wurin, gefen tsaunin ya zabtare, manyan duwatsu suka zubo suka hau kan juna. Tsakaninsu sai aka samu koguna da tsagogi masu tafiya har waje, waɗanda mutanen wurin ke kira fleurines. Ta cikinsu iska ke ratsawa dare da rana, tana bi ta kan jiƙaƙƙen dutse tana yin sanyi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Shi ya sa ko ana zafi ko ana hunturu, sanyin kogunan yana nan wajen digiri 8 zuwa 10, laimar iskar kuma ta haura kashi 90 cikin 100. Duk yankin da ke da wannan baiwa bai wuce tsawon kilomita 2 da faɗin mita 300 ba. A kansa aka gina gidajen ƙauyen, ɗakunan ajiyar cuku kuma suna ƙarƙashinsu, hawa-hawa zuwa cikin ƙasa.

Na taɓa sauka cikin ɗaya daga cikinsu. Abin da ya fara taɓa ni shi ne iskar: idan ka kara tafin hannu a bakin tsagin dutse, za ka ji tana busowa a hankali, da sanyi da ɗanshi. Ga kantocin katako baƙi ƙirin saboda tsufa, an jera dunƙulen cuku a tsaye bisa gefensu, ba mai taɓa ɗan'uwansa. Kowane dunƙule yana kai kilo 2 da rabi zuwa 3, kuma sai an sami wajen lita 12 ta nonon tumaki kafin a yi guda. An shafe shi da gishiri, an tsattsaga shi da dogayen allurai domin iska ta shiga. Nan ne fumfunar, mai suna Penicillium roqueforti, ke samun hanyar yaɗuwa ta yi koren da kika gani. A da, burodi ake ajiyewa a kogon har ya yi fumfuna, a busar a niƙa a barbaɗa wa cukun. Ƙa'ida ita ce cukun ya yi aƙalla kwana 14 a buɗe cikin kogon, sannan a naɗe shi, kuma ba za a sayar ba sai ya cika kwana 90.

Akwai almarar da suke bai wa baƙi, ta wani makiyayi da ya bar gurasarsa da cuku a kogo ya bi wata budurwa, da ya dawo ya tarar ya yi kore. Wannan hira ce kawai. Abin da ke rubuce shi ne a 1411 Sarki Charles na Shida ya bai wa mutanen ƙauyen izinin cewa su kaɗai za su nunar da wannan cuku. A 1666 majalisar shari'a ta Toulouse ta yanke hukuncin cin tarar masu sayar da jabu. A 1925 aka yi doka ta musamman, Roquefort ya zama cuku na farko a Faransa da aka ɗaure sunansa da wurin da ake yinsa. Sai kuma 1961, kotun Millau ta ƙara fayyacewa cewa sai wanda ya nuna a kogunan Combalou kaɗai zai ci sunan.

Ni dai, Hajiya, ina tare da wannan doka, kuma dalilina makiyaya ne. Tuddan da ke kewaye da ƙauyen, musamman Larzac, fako ne. Ruwan sama ba ya tsayawa, dutsen yake shanyewa, har sai da makiyaya suka riƙa daɓe ƙananan tafkuna da duwatsu don shayar da garke. Noma ba ya yin albarka sosai a irin wannan ƙasa, amma tunkiya tana rayuwa. Doka ta ce nonon dole ya zama ɗanye, na tumakin jinsin Lacaune, daga keɓantaccen yanki a gundumomi 6 na kudancin ƙasar. Da an bar kowa ya yi cuku da nonon shanu a masana'anta ya liƙa masa sunan, da tuni waɗannan rugagen sun watse.

Kuma mutanen sun san darajar abin da ke hannunsu. A 1971 gwamnati ta ce za ta faɗaɗa sansanin soja na Larzac daga hekta 3,000 zuwa 17,000. Manoma 103 suka yi rantsuwa ba wanda zai sayar da gonarsa. A 1972 suka ɗauko tumaki 60 zuwa birnin Faris suka sake su suna kiwo a gindin hasumiyar Eiffel. Shekara 10 ana ja-in-ja ba tare da sun ɗauki makami ba, har Shugaba Mitterrand ya soke shirin a 1981. Wannan labarin yana burge ni fiye da na sarakuna. A 2011 UNESCO ta sanya yankin Causses da Cévennes, wanda Larzac ke cikinsa, cikin kayan tarihin duniya, saboda al'adar kiwon da ta siffanta ƙasar.

Ƙauyen kansa ba irin na hoton kalanda ba ne. Wurin aiki ne, manyan motoci na hawa da sauka, yawancin ma'aikata kuma daga garuruwan kusa irin su Saint-Affrique suke zuwa.

Game da tsarabarki, duba jikin takardar: na gaskiya yana ɗauke da tambarin jar tunkiya. Gishirinsa da ƙarfi, don haka ki fara da ɗan kaɗan a kan burodi, bayan kin fitar da shi daga firiji ya ɗan sha iska. Sai dai idan akwai mai juna biyu a gidan, kada a ba ta, domin likitoci suna hana su cin cukun ɗanyen nono.